BABI NA UKU: DABARUN SHIGAR DA SABUWAR NA'URAR WASAN BIDIYO KASUWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar wasan bidiyo da ire-irensa da tarihin samuwarsa. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan ɓangaren kasuwanci, wato yadda kamfanoni suke shirya fito da sabuwar na'ura da yadda suke tallata ta tun kafin ta iso kanti. Abin da ake nufi da na'ura a nan shi ne akwatin nan da ake haɗawa da talabijin, a saka masa kaset ko faifai a yi wasa, irin wanda matasa suke biyan kuɗi su buga ƙwallo da shi a gidajen gem na biranen ƙasar Hausa.

An zaɓi karon da aka yi tsakanin kamfanonin Sega da Sony a ƙasar Amurka a shekarar 1995 domin ya zama abin misali. Dalili kuwa shi ne, a wannan karo ne aka ga yadda sanarwar rana guda ta durƙusar da kamfanin da ya daɗe a harkar, ta kuma ɗaga wanda bai cika shekara da shiga ba. Manufar babin ita ce nuna cewa makomar na'ura takan fara bayyana ne tun daga ranar da aka sanar da ita, kuma abin da yake tabbatar da wannan makoma shi ne farashi da ranar fitowa da wasannin da za su raka ta, sannan da amincewar masu kantuna da ta kamfanonin shirya wasanni.

3.1 Yadda Ake Cin Riba a Cinikin Na'ura

Kafin a shiga bayanin abin da ya faru, ya kamata a fahimci inda ribar wannan sana'a take. Sau da yawa kamfani yakan sayar da sabuwar na'ura a kan kuɗin da ya kashe wajen ƙera ta, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ribarsa tana cikin wasanni ne. Duk kamfanin da yake son fitar da wasa a kan wata na'ura, tilas ya karɓi lasisi daga mai na'urar, ya kuma biya shi wani kaso a kan kowane kaset ko faifai da aka buga. Lamarin tamkar na ɗan kasuwa ne da ya karyar da fitilu da araha, saboda ya san shi kaɗai yake sayar da kananzir a garin.

Wannan tsari ya sa abubuwa biyu suka dogara da juna. Mai saye ba ya son na'urar da ba ta da wasanni, shi kuma kamfanin shirya wasanni ba ya son zuba jarinsa a kan na'urar da ba ta da masu saye. Saboda haka duk na'urar da ta fara tara jama'a a shekararta ta farko, ita ce masu shirya wasanni suke kwararowa wajenta, kuma zuwansu yana ƙara jawo mata wasu masu sayen. Wadda kuwa ta yi tuntuɓe a farko, da wuya ta farfaɗo. Bugu da ƙari, a Amurka da Turai kaso mai tsoka na cinikin shekara ana yin sa ne a watannin Nuwamba da Disamba, lokacin sayen kyautar Kirsimeti. Wannan ne ya sa yawancin na'urori suke fitowa a can tsakanin Satumba da Nuwamba, bayan an share watanni ana yi musu talla.

3.2 Asalin Gasar

3.2.1 Nintendo da Maido da Amincewar Masu Kantuna

A shekarar 1983 kasuwar wasan bidiyo ta rushe a Amurka. Kantuna sun cika da wasanni marasa inganci, jama'a suka daina saye, har ta kai kamfanin Atari ya binne kasakasan da suka yi kwantai a wani juji da ke garin Alamogordo na jihar New Mexico. Bayan wannan asara masu kantuna sun ƙi jinin duk wani abu mai suna wasan bidiyo.

A cikin wannan hali ne kamfanin Nintendo na Japan ya kawo na'urarsa NES birnin New York a watan Oktoba na 1985. Domin ya shawo kan masu kantuna, sai ya yi musu alkawarin karɓar duk abin da ya yi kwantai. Haka kuma ya sanya wani makulli a cikin na'urar wanda yake hana ta karɓar kaset ɗin da ba shi da lasisi, ya kuma iyakance wa kowane kamfani wasanni biyar a shekara. Da haka ya farfaɗo da kasuwar, ya kuma mamaye ta. Darasin da ke nan shi ne, mai kanti shi ne ƙofar da na'ura take bi ta isa ga mai saye.

3.2.2 Tashen Sega

Kamfanin Sega ya fito da na'urarsa Mega Drive a Japan a 1988, ya kai ta Amurka a 1989 da sunan Genesis. A 1990 aka naɗa Tom Kalinske, tsohon shugaban kamfanin kayan wasan yara na Mattel, ya jagoranci reshen Sega na Amurka. Kalinske ya rage farashin na'urar daga dala 189 zuwa 149, ya kuma sanya sabon wasan Sonic the Hedgehog na 1991 a cikin kwalinta kyauta. Ita kuwa Super NES ta Nintendo, da ta fito a wannan shekara, dala 199 ake sayar da ita. Har ila yau, tallace-tallacen Sega sun riƙa ambaton Nintendo da suna suna yi masa habaici, suna nuna cewa na'urarsa ta ƙananan yara ce, ta Sega kuwa ta samari ce. Wannan dabara ta yi tasiri matuƙa, domin a farkon shekarun 1990 Sega ya yi kafaɗa da kafaɗa da Nintendo a kasuwar Amurka.

Sai dai a daidai wannan lokaci ne Sega ya fara yi wa kansa sagegeduwa. Ya fitar da wasu na'urori biyu da ake maƙalawa a jikin Genesis domin ƙara mata ƙarfi, wato Sega CD a 1992 da 32X a watan Nuwamba na 1994. Ita 32X an sayar da ita a kan dala 159, kuma ta fito a Amurka ne a watan da sabuwar na'urar kamfanin, Saturn, ta fito a Japan. Ba a jima ba aka yi watsi da ita. Waɗanda suka saya suka ga an ci kuɗinsu, masu kantuna kuma aka bar su da kwantai.

3.2.3 Shigowar Sony

Shi kuwa Sony ya shigo harkar ne sanadiyyar wani saɓani. Tun farko yana aiki ne tare da Nintendo a kan na'ura mai amfani da faifan CD. A wani baje kolin kayan lantarki da aka yi a watan Yuni na 1991, Sony ya sanar da wannan haɗin gwiwa, amma washegari sai Nintendo ya bayyana cewa da kamfanin Philips zai yi aikin. Injiniya Ken Kutaragi ya shawo kan shugaban Sony na lokacin, Norio Ohga, a kan su ci gaba da aikin su kaɗai. Daga nan aka samar da PlayStation.

Na'urorin biyu sun fara haɗuwa ne a Japan. Saturn ta fito ranar 22 ga Nuwamba, 1994 a kan yen 44,800, PlayStation kuma ta biyo ta ranar 3 ga Disamba a kan yen 39,800. A can Saturn ta fara da ƙafar dama, saboda farin jinin wasan Virtua Fighter.

3.3 Abin da Ya Faru Ranar 11 ga Mayu, 1995

3.3.1 Sanarwar Sega

A watan Mayu na 1995 aka buɗe baje kolin wasan bidiyo na farko mai suna E3 a birnin Los Angeles. Kafin wannan lokaci Sega ya riga ya shaida wa duniya cewa Saturn za ta fito a Amurka ranar Asabar, 2 ga Satumba. Masu kantuna da kamfanonin shirya wasanni da mujallu duk sun tsara ayyukansu bisa wannan rana. Amma hedkwatar kamfanin a Japan, ƙarƙashin Hayao Nakayama, ta ba da umarnin a riga Sony shiga kasuwa. Daga baya Kalinske ya bayyana cewa shi bai goyi bayan wannan shawara ba.

Da Kalinske ya hau mumbari, sai ya sanar da cewa Saturn tana kanti a wannan rana, a kan dala 399. Guda 30,000 kawai aka raba, kuma kamfanonin kantuna huɗu ne suka samu, wato Toys "R" Us da Babbage's da Electronics Boutique da Software Etc.

3.3.2 Martanin Sony

Da lokacin Sony ya zo, sai aka gayyaci shugaban reshensa na Amurka, Steve Race, domin ya yi ɗan gajeren jawabi. Ya matso gaban lasifika ya ce "299", ya koma ya zauna, zauren ya ɗauki tafi. Idan aka yi lissafi da kyau, tazarar ba ta kai dala 100 ba, domin akwai wasan Virtua Fighter a cikin kwalin Saturn, alhali mai sayen PlayStation sai ya sayi wasa daban, ya kuma sayi katin ajiye bayanai. Amma abin da jaridu suka ɗauka, wanda kuma ya zauna a zukatan jama'a, shi ne alƙaluman nan biyu.

3.3.3 Illolin Gaggawar Sega

Hausawa suna cewa sauri ya haifi nawa. Wannan gaggawa ta cutar da Sega ta fuskoki kamar haka:

(a) Masu kantuna. Manyan kamfanonin da aka tsallake, irin su Walmart da Best Buy, sun ji labarin ne tare da kowa. Kamfanin KB Toys ya fusata har ya daina sayar da kayan Sega.

(b) Wasanni. Wasanni shida kacal suka raka na'urar, kuma duk na Sega ne. Sauran kamfanoni suna aiki ne da nufin kammalawa a Satumba, don haka wanda ya sayi Saturn a Mayu ya shafe watanni yana jiran sababbin wasanni. Daɗin daɗawa, an gina Saturn ne a kan manyan ƙwaƙwalen sarrafa bayanai guda biyu masu aiki tare, abin da ya sa shirya mata wasa ya fi na PlayStation wahala.

(c) Talla. An tanadi kamfen ɗin talla ne domin Satumba. Na'urar ta shiga kasuwa a farkon bazarar Amurka, lokacin da ciniki yake ja baya, kuma jama'a da dama ba su ma san ta fito ba.

(d) Farashi. Tun da an riga an ji cewa wata na'ura mai rahusa tana tafe nan da wata huɗu, sai masu saye da yawa suka gwammace su jira.

3.4 Sakamakon Gasar

PlayStation ta fito a Amurka ranar 9 ga Satumba, 1995. A ƙarshen makonta na farko an sayar da fiye da guda 100,000, adadin da ya zarce abin da Saturn ta sayar a cikin watanni huɗun da ta yi ita kaɗai a fili. A watan Oktoba Sega ya sauko da farashi zuwa dala 299. A baje kolin E3 na 1996 Sony ya sake karya nasa zuwa 199, ya tilasta wa Sega bin sahu. A wannan shekara ce Kalinske ya bar kamfanin.

Shi ma Nintendo bai tsira ba. Na'urarsa Nintendo 64 ta fito a 1996 tana amfani da kaset, wanda ya fi faifai tsada da ɗaukar lokaci wajen bugawa. Kaset mafi girma na wannan na'ura megabait 64 yake ɗauka, faifan CD kuwa yana ɗaukar kimanin 650. Wannan ya sa kamfanin Square, wanda ya daɗe tare da Nintendo, ya kai wasansa Final Fantasy VII wajen Sony, inda ya fito a 1997 a kan faifai uku. Daga ƙarshe an sayar da PlayStation fiye da miliyan 102, Nintendo 64 kimanin miliyan 33, Saturn kuwa miliyan 9 da ɗoriya, kuma fiye da rabin wannan adadi a Japan aka sayar.

Tabon bai tsaya a kan Saturn ba. Lokacin da Sega ya fito da Dreamcast a Japan a 1998, da kuma Amurka ranar 9 ga Satumba, 1999 a kan dala 199, ya gyara kura-kuransa na baya, kuma na'urar ta fara da kasuwa mai kyau. Amma kamfanin Electronic Arts, mai manyan wasannin motsa jiki, ya ƙi shirya mata wasa. Shi kuma Sony tun a watan Maris na 1999 ya fara bayyana ƙarfin PlayStation 2, shekara guda kafin fitowarta, domin jama'a su riƙe kuɗinsu su jira. A nan an ga cewa sanarwar na'urar da ba ta fito ba tana iya zama makami a kan wadda take kanti. Ranar 31 ga Janairu, 2001 Sega ya sanar da daina ƙera na'urori, ya koma shirya wasanni ga tsofaffin abokan hamayyarsa.

3.5 Maimaituwar Darasin a Shekarun da Suka Biyo Baya

Abin lura shi ne, kuskuren da Sega ya yi bai zama izina ga na baya ba. A 2006 Sony da kansa ya sanar da PlayStation 3 a kan dala 499 da 599, alhali Xbox 360 ta kamfanin Microsoft ta riga ta shekara guda a kasuwa da farashi mai sauƙi. A wannan shekara Nintendo ya fito da Wii a kan dala 249. Ba ta kai sauran biyun ƙarfi ba, amma an tallata ta ga iyalai da dattawa da waɗanda ba su taɓa wasan bidiyo ba, aka sayar da fiye da miliyan 101. Sai da Sony ya yi ta rage farashi na tsawon shekaru kafin ya kamo Microsoft.

A 2013 kuma Microsoft ne ya faɗa ramin. Ya sanar da Xbox One a kan dala 499, tare da sharuɗɗan da suka taƙaita sayar da tsohon faifai ko ba da aronsa, da tilasta haɗa na'urar da intanet sau ɗaya a kowace rana. A baje kolin E3 na watan Yuni Sony ya sanar da PlayStation 4 a kan dala 399 ba tare da waɗannan sharuɗɗa ba. Cikin kwana goma Microsoft ya janye sharuɗɗan, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, PlayStation 4 ta yi gaba har ta kai kimanin miliyan 117.

Nintendo ma ya ɗanɗana irin tasa. Na'urarsa Wii U ta 2012 ta sha wahala ne saboda suna da salon talla, domin mutane da yawa sun zaci wani ƙarin kaya ne na tsohuwar Wii. Miliyan 13 da rabi kawai aka sayar. Da zai fito da Switch, sai ya fara da gajeren bidiyo a watan Oktoba na 2016 wanda ya nuna abu ɗaya ƙarara, wato na'ura ce da ake wasa da ita a talabijin a kuma ɗauke ta a fita da ita. Ta fito ranar 3 ga Maris, 2017 a kan dala 299 tare da sabon wasan Zelda, kuma zuwa 2025 an sayar da fiye da miliyan 150.

3.6 Sauye-Sauyen Salon Talla

Duk da cewa ginshiƙan ba su canza ba, hanyoyin isar da saƙo sun canza. Na farko, baje koli ya rasa matsayinsa. Tun 2011 Nintendo ya fara watsa sanarwarsa kai tsaye ta intanet a shirinsa Nintendo Direct, sauran kamfanoni suka kwaikwaya. An yi E3 na ƙarshe ido da ido a 2019, kuma a watan Disamba na 2023 masu shirya shi suka sanar da rufe shi baki ɗaya.

Na biyu, ƙarfin mai kanti ya ragu saboda sauke wasanni ta intanet. A watan Nuwamba na 2020 Sony ya fitar da PlayStation 5 iri biyu, mai faifai a kan dala 499 da marar faifai a kan 399. Microsoft ma ya fitar da Xbox Series X a kan 499 da Series S a kan 299. Wannan wata dabara ce ta riƙe farashi biyu a lokaci guda, domin kada abokin hamayya ya sake yin irin abin da Steve Race ya yi. Haka kuma tun 2017 Microsoft ya ɓullo da Game Pass, inda ake biyan kuɗin wata-wata a sami damar buga ɗaruruwan wasanni.

Na uku, neman mallakar wasanni ya kai ga sayen kamfanoni sukutum. A watan Oktoba na 2023 Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard, mai wasan Call of Duty, a kan kimanin dala biliyan 69.

Na huɗu, al'adar karyewar farashi bayan shekara biyu ko uku ta sauya. A 2022 Sony ya ƙara kuɗin PlayStation 5 a Turai da Japan da wasu ƙasashe, a 2025 kuma ya ƙara a Amurka. A wannan shekara ta 2025 Nintendo ya ɗage ranar fara karɓar odar Switch 2 a Amurka daga 9 zuwa 24 ga Afrilu domin ya nazarci sabon harajin shigo da kaya, amma bai taɓa ranar fitowarta ba. Ta fito ranar 5 ga Yuni kamar yadda aka alkawarta, a kan dala 449.99, rana ɗaya da wasan Mario Kart World, aka sayar da fiye da miliyan 3.5 a cikin kwana huɗu.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an yi bayanin cewa ribar mai na'ura tana cikin wasanni ne, don haka shekarar farko ita ce mafi muhimmanci a rayuwar kowace na'ura. An kawo abin da ya faru tsakanin Sega da Sony a 1995, inda aka ga riga abokin hamayya shiga kasuwa da wata huɗu bai amfani Sega da komai ba, tun da ya saɓa alkawarin rana, ya ɓata wa masu kantuna, ya kuma fito ba tare da isassun wasanni ba. An kuma nuna yadda Sony a 2006 da Nintendo a 2012 da Microsoft a 2013 kowannensu ya yi tuntuɓe a kan ɗaya daga cikin waɗannan ginshiƙai. Bisa ga haka, mai nazarin duk wata sabuwar na'ura da aka sanar zai fi samun haske idan ya dubi farashinta a gefen na takwarorinta, da wasannin da suka shirya raka ta, da yadda kamfanin ya riƙe alkawuransa na baya. A babi na gaba za a dubi harshe da salon da waɗannan kamfanoni suke amfani da su a cikin tallace-tallacensu.